Kwatabak Ɗin da Bai Iya Ƙarya Ba

Shafi na 17

Masu cika mini waya da saƙo tun asuba, ku yi haƙuri, kai huɗu na kitsa yau kafin in samu wurin zama. Ke kuma da kika rubuto kina tambaya ko ƙanena yana da budurwa, 'yar'uwa, ki bari mu ga ko zai kai Asabar da matsayinsa tukuna.

Baƙinmu na yau, sannunku da zuwa. Ni ce Renita Pettway, mai shagon kitso a Tallow Creek, nan Alabama. Ƙanena Lavelle ne sabon kwatabak na ƙungiyar ƙwallon Amurka ta kwalejin garinmu, wato duk ƙwallon da za a taɓa a kakar bana ta hannunsa za ta fara bi. Shi zai miƙa, shi zai jefa, in an ci shi ne gwani, in an faɗi shi za a zaga. Shekara arba'in da ɗaya rabon da ɗan garin nan ya riƙe wannan matsayi, don haka mutane suka zauce. Mai sayar da kayan gini ya rataya hotonsa a saman shago, hoton ya fi ƙofar girma. Mai aski ya ce wasa goma za mu ci bana, mai wankin mota ya ce goma sha ɗaya, fastonmu da ya fi su tsoron Allah ya ce tara. Bara uku muka ci.

Wasan farko ranar Asabar ne, da Harlan Ridge, mutanen da suka jera shekara shida suna lallasa mu.

To, mun tsaya a inda Koci Haygood ya faka motarsa a ƙofar gidan kakarmu Ozella, ranar Lahadi da rana, mun dawo daga coci ke nan ko takalmi ban cire ba.

Ta taga na hango shi yana tahowa, fuskar nan a murtuke. Na dubi Lavelle, shi ma ya dube ni. Mun san abin da ya kawo shi.

Kaka ce ta buɗe ƙofa.

"Wendell, cire hular nan, cikin gidana kake."

Ya cire kuwa da sauri. Shekara talatin Kaka ta yi tana zuba wa yara abinci a firamaren garin nan, shi ma Koci a layinta ya girma da faranti a hannu. Shi ya sa mutumin da ƙarti tamanin ke rawar jiki in ya yi gyaran murya, a wurinta Wendell ne kawai.

Ya ce mata ba abinci ya kawo shi ba, magana ce mai nauyi, minti biyar ya isa. Ta ce ta ji, ta jawo masa kujera. Soyayyiyar kaza, dafaffen ganye, burodin masara da zafinsa, ga shayi mai ƙanƙara ya sha sukari. Sai da bawan Allah ya tashi da cinya biyu kafin ya tuna fushi yake yi.

Ya ajiye cokali, ya goge baki, ya juya ga Lavelle.

"Ina littafin?"

"Yana akwatina a ɗakin canza kaya, Koci."

"Ka taɓa kawo shi gidan nan?"

"Ko sau ɗaya."

"Alamomin da nake yi maka daga gefen fili fa, ka koya wa wani?"

"A'a, Koci."

Littafin dabarun wasa yake nufi, mai kauri kamar bulo. Ranar da aka raba musu shi sai da kowa ya ɗaga hannu ya yi alkawari ko uwar da ta haife shi ba za ta leƙa ciki ba. Wanda ya karya, ya bar fili. A kan wannan doka Koci bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba.

Ya ce to, in haka ne a yi masa bayanin abin da ya faru jiya.

Kun tuna wasan gwajin Asabar ɗin da ta wuce, da aka buɗe wa jama'a fili suka cika benci fal. Akwai wata dabara da Koci ya ɗora kakar bana kacokan a kanta. Lavelle zai yi kamar ya danƙa wa mai gudu ƙwallo, masu tsaro su ruga su bi mai gudun, shi kuma ya ɓoye ta a gefen cikinsa, ya ja da baya, ya wurga ta can nesa inda babu mai tsaro. Yaudara ce tsagwaronta. In ta yi kyau har mai ɗaukar hoto sai ya bi wanda ba ya riƙe da komai.

"Sau bakwai na kira dabarar nan," in ji Koci. "Sau bakwai wata murya daga benci na uku ta ce, 'Ƙarya ne, ba zai ba shi ba.' Tun kafin a ɗaga ƙwallon daga ƙasa."

Duk muka dubi Kaka. Kaka tana shafa wa burodinta man shanu.

Muryar Kaka dai ba ta buƙatar lasifika. Shekara hamsin tana jan waƙa a coci, in ta ce amin har gidan mai ana ji. Daga karo na uku masu tsaron namu suka daina kallon ƙwallo, suka koma sauraren benci. Allah ya taimaka a wasan gwaji jar riga ake sa wa kwatabak, an hana kowa kayar da shi, da yanzu muna asibiti. Sau biyar suka iso gabansa suka dafa masa kafaɗa suna dariya. Wani ƙato daga cikinsu har juyowa ya yi ya ɗaga wa Kaka hannu, wai ya gode.

"Mama Ozella, hanya biyu ce," in ji Koci. "Ko dai yaron nan ya nuna miki littafin, ko mala'iku ne ke raɗa miki. Ni kuwa na san mala'iku ba sa kallon wasanmu, da suna kallo ba uku za mu ci bara ba."

Dariya ta taso mini, amma abin da ya biyo baya ya mayar da ita ciki.

"In ba a nuna mini hanya ta uku ba kafin in tashi daga teburin nan, Brantley Suggs ne zai fara wasan Asabar."

Brantley shi ne na biyu, wani yaro daga Texas wanda tun da aka naɗa Lavelle yake gaishe mu da haƙora kawai, zuciya tana wani wurin.

Lavelle ya sunkuyar da kai yana kallon farantinsa. Ni kuwa zuciyata ta karye. Ni na san sanyin safiyar da na sha ina kai yaron nan atisaye tun yana ɗan shekara tara, hular kwanon ta fi kansa girma. Shekara biyu ya yi a bencin kwalejin nan yana riƙe wa wasu tawul. Sai yanzu da saura kwana shida a ƙwace, a kan laifin da bai yi ba.

Kaka ta ajiye wuƙar man shanu.

"Yaron nan bai nuna mini komai ba. Ko ya nuna mini, me zan gane a zanen kibiyoyinku?"

"To yaya aka yi, ranki ya daɗe?"

"Asirin gida ne."

"Asirin gida ba zai hana ni sa Brantley ba."

"Sai ka sa shi. Ƙara kaza?"

Ta ɗauki tire ta shige kicin abinta. Na bi ta har ina tuntuɓe da ƙafar kujera.

Na same ta tsaye gaban murhu tana juya tukunyar da babu komai a ciki. Na roƙe ta, na haɗa ta da Allah, na ce in wani sirri ne ta gaya wa Koci a kunne. Ta yi kamar ba da ita nake ba. Can sai ta yi magana, ba ta juyo ba.

"Uwarku ta rasu ta bar mini shi yana shekara huɗu. Babu namiji a gidan nan, ni ga ciwon gwiwa, ba na iya bin yaro da gudu. Da abin nan na riƙe shi, Renita. Da shi na san ranar da ya gudu makaranta, da shi na san ranar da ya fara yawo da yaran bayan tasha. In na bayar yau, da me zan riƙe shi gobe?"

Ban taɓa jin Kaka ta yi magana a hankali haka ba, sai da idona ya ciko.

"Kaka, shekararsa ashirin. Ya kusa nauyin firjin nan. Kin gama riƙonsa, kuma kin riƙe shi da kyau."

"Ke dai kin iya daɗin baki, shi ya sa shagonki ba ya rabo da mutane."

"To don Allah me ya sa kika yi ta ihu jiya, tunda asiri ne?"

"Bakina ne ya riga ni. Shekara goma sha shida ina kama shi, sai jiya ne zan gani in yi shiru?"

Ta kashe murhun da ba ta kunna ba, ta gyara zaman tabaranta, ta wuce ni ta koma falo.

"Lavelle, tashi tsaye."

Ya miƙe, kansa ya kusa taɓa fitila.

"Wendell, kai kuma buɗe idonka, sau ɗaya zan nuna." Ta juya ga Lavelle. "Kek ɗin dankalin da na ajiye wa matar fasto ranar Juma'a, wa ya cinye rabinsa?"

"Ban sani ba, Kaka."

"Ka gani?" ta ce wa Koci.

"Na ga me?"

Ta yi tsaki, ta ce wai wannan ne aka ba amanar yara tamanin.

"Lavelle, yau wace rana?"

"Lahadi."

"Wa ya kai ni asibitin ido wancan satin?"

"Ni."

"Littafi Mai Tsarkin da na sa maka a jaka, kana karantawa?"

"Kullum, Kaka."

A nan na gani. Tafin hannunsa na hagu ya sauka kan cinyarsa, ya shafa ƙasa sau biyu, ya koma inda yake. Abin bai kai ƙiftawar ido ba. Shekara ashirin ina tare da yaron nan, na yi masa wanka, na yi masa aski, ban taɓa lura ba.

Koci ma ya gani, don bakinsa a buɗe ya tsaya.

"Me?" in ji Lavelle, yana rarraba ido. "Me na yi?"

"Ɗazu da ka tambaye shi littafi, Wendell, hannun nan ya motsa?" in ji Kaka.

Koci ya miƙe ya fita da gudu, da tumbinsa da komai, ya dawo da kwamfutarsa daga mota. Ya ture kwanon ganye gefe, ya kunna hoton wasan jiya, muka taru a kansa. Ga Lavelle ya sunkuya zai karɓi ƙwallo. In miƙawa ta gaskiya zai yi, hannunsa lafiya lau. In yaudarar ce, sai tafin hagu ya sauka kan cinya, sau biyu. Ɗaya, biyu, uku, har bakwai, babu wadda ta kuɓuta.

Koci ya dafe kai da hannu biyu. Ya ce shi da mataimakansa biyar sun raba dare jiya a kan hoton nan, suna mayarwa baya suna tsayarwa, babu wanda ya gani. Kowane kwatabak yana goge hannu, wa zai tsaya ƙirga lokacin da yake gogewa? A sakandare kuma Lavelle bai taɓa buƙatar yaudara ba, ya fi kowa gudu, sai ya ɗauki ƙwallo ya wuce kawai.

Shi kuwa gogan ya zame ya zauna, yana kallon hannunsa na hagu kamar yau aka ba shi aro.

"Ke nan ranar da na ce taya ce ta fashe shi ya sa na yi latti…"

"Hannu," in ji Kaka.

"Da ranar da na ce malamin ne bai raba sakamako ba…"

"Hannu."

"Haba Kaka. Ni fa na ɗauka Ubangiji ne yake gaya miki. Har azumi na taɓa yi a kan ya daina."

"Ai shi ya ba ni idon."

Koci ya fashe da dariya har da dukan tebur, ƙanƙarar shayi tana ƙara. Ni kuwa wani tunani ne ya faɗo mini, na ji gumi ya karyo mini.

"Kaka, ni ma ina da tawa alamar?"

"Taki ta fi tasa muni. Amma ke ba ƙwallo kike yi ba, babu wanda ya isa ya sa in faɗa."

Ku taya ni da addu'a, tun ranar ban ƙara iya kallon idon matar nan ba.

Da dariya ta lafa, Koci ya miƙa wa Lavelle hannu, ya ce ya zarge shi da cin amana alhali bai ci ba, ya roƙe shi ya yafe masa. Wannan ya burge ni, don ba kowane babba ne zai ba yaro haƙuri a gaban yayarsa da kakarsa ba. Har na fara sakin ajiyar zuciya, na ce shi ke nan an gama.

Ashe ba a gama ba.

"Maganar littafi ta mutu," in ji Koci. "Amma ka saurare ni da kyau. Masu tsaron Harlan Ridge ba abokanka ba ne, kuma ranar Asabar babu jar riga. In suka gane hannun nan, kafin a tafi hutun rabin lokaci a kan gadon ɗaukar marasa lafiya za a fitar da kai. Ba zan tura ka fili kana sanar da su abin da za ka yi ba."

"To yaya za a yi, Koci?"

"Ranar Juma'a za mu yi gwaji na ƙarshe, ƙofa a rufe. Mama Ozella za ta zauna a bencinta na uku. Sau goma zan kira dabarar, a cakuɗe da sauran. In ta kama ka ko sau ɗaya, Brantley zai fara. In ba ta kama ka ba, filin naka ne har ƙarshen kaka."

Kaka ta ajiye kofi.

"Tsaya, Wendell. Shekara goma sha shida ina hana yaron nan ƙarya, yanzu kake so in zauna in koya masa?"

"A fili kawai, ranki ya daɗe."

"Haka duk kuke cewa. Mijina ma a wurin kamun kifi kawai ya fara."

Ta kuma gargaɗe shi, ta ce kada ya sa ran za ta kau da kai ranar Juma'a don jikanta ne. In ta gani za ta faɗa, ko da kuwa garin nan kaf zai daina gaishe ta. Koci ya ce abin da yake so ke nan.

Nan take aka fara atisaye a kan teburin cin abinci. Dokar mai sauƙi ce, Lavelle ya faɗi magana, gaskiya ko ƙarya, Kaka ta yanke.

Ya gyara tsayuwa, ya cika baki da iska.

"Kazar nan ba ta yi daɗi ba."

Hannu ya sauka tun bai rufe baki ba.

Koci ya ce ya haɗe hannayen a baya. Ya haɗe, ya ce shi bai taɓa ɗaukar motata ba tare da izini ba. Gwiwar hannunsa ta hagu ta riƙa zillo kamar an ɗaure akuya. Kaka ta ce ƙarya, ni kuma na ce za mu haɗu daga baya.

Sai ni na kawo shawara, na ce a ba shi abu ya riƙe. Na cika kofi da shayi na danƙa masa a hannun hagu. Ya dubi Kaka ido cikin ido, ya ce waƙar da ta ja yau a coci ba ta yi tsawo ba.

Shayin duka a kan wandonsa na coci ya ƙare, har da ƙanƙara.

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Kaka tana share hawaye da gefen gyalenta, tana cewa baiti tara ne kacal.

Cikin wannan raha Koci ya ce, shi ma da wasa, "To gaya mata abin da kake gaya wa 'yan rediyo. Ce mata ba ka tsoron Asabar."

Lavelle ya yi murmushin nan nasa na hoto. Ya kama hannun hagu da na dama, ya matse.

"Ba na jin komai. A shirye nake."

Hannun bai kai cinya ba, amma duk mun ga yadda yake karkarwa a cikin ɗan'uwansa. Kaka ba ta ce ƙarya ne ba, ta dai jawo kujerar kusa da ita ta buga da tafi. Ya zo ya zauna da jiƙaƙƙen wandonsa.

"Wannan tun watan Yuli nake ganinta," ta ce. "Ban faɗa ba ne kawai."

Sai ya fara magana, a hankali, kansa a ƙasa. Ya ce ko mai ya je sha sai an gaya masa wasa nawa zai ci. Ya ce shekaranjiya wani mutum ya riƙe masa hannu a kantin magani, ya ce mahaifinsa yana kwance, burinsa ɗaya ya ga an doke Harlan Ridge kafin ya cika. Ya ce ya canza hanyar zuwa makaranta don kada ya riƙa wucewa ta gaban hoton nan na shagon kayan gini, wai mutumin da ke cikin hoton ya fi shi iya wasa.

Tausayinsa ya kama ni, kunya kuma ta rufe ni, don ni ma a shago goma sha biyu nake ce wa mutane.

Kaka ta dafa masa ƙeya.

"Ni ban sa maka lamba ba. In ka ci goma, akwai kaza ranar Lahadi. In ka ci uku, akwai kaza ranar Lahadi. Sai dai a ta ukun kai za ka wanke kwanuka."

Ya yi dariya yana jan hanci.

Koci ya ce shi ma tsoron yake ji, in aka sake cin uku bana sai dai ya koma taya surukinsa sayar da katifa. Ya ce wanda ba ya tsoron wasan farko bai san abin da ake ciki ba ne, kuma shi bai taɓa zaɓar Lavelle don ɗan gari ne ba, ya zaɓe shi ne don a cikin yaran nan kaf shi kaɗai ne in an kayar da shi yake tashi ya tambayi wanda ya kayar da shi ko lafiya. Ya ce kwana biyar sun isa a yi wa hannu ɗaya tarbiyya.

Kaka ta naɗe masa sauran kazar ya kai wa matarsa. Ya ɗauki kwamfutarsa, ya ɗauki hula, har ya kai bakin ƙofa. Sai ya tsaya, ya juyo.

"Mama Ozella, tambaya ɗaya. Bayan mu huɗun nan, akwai wanda ya san maganar hannun nan?"

"Babu."

"Ko mutum ɗaya?"

"Na ce maka babu, Wendell. Shekara goma sha shida ko Renita ban gaya wa ba, sai wani bare?"

Koci ya gyaɗa kai, ya kama marfin ƙofa. Ni ma har na fara tattara kofuna.

"Kaka."

Muryar Lavelle ce. Yana zaune inda yake, idonsa ba a fuskarta yake ba.

"Kaka, hannunki."

Muka duba. Tafin hannunta na hagu yana kan cinyarta, a kan rigar cocinta mai ruwan shuɗi, ya gama shafawa ta biyu ke nan.

Ta janye shi da sauri kamar ta taɓa murhu. Ina, an riga an gani.

Lavelle ya miƙe a hankali, wani irin murmushi yana bazuwa a fuskarsa, irin na wanda ya shekara goma sha shida ana kama shi, yau ya yi kamun farko.

"Ashe gado na yi."

"Zauna, mara kunya."

"Wa kika gaya wa, Kaka?"

Ta gyara tabarau. Ta gyara gyale. Ta dubi silin, ta dubi ƙasa. Matar da ko gwamna ba za ta sunkuyar wa kai ba, yau ga ta tana wasa da bakin faranti kamar budurwa.

"Mutum ɗaya ne. Kuma hira ce ta kawo, muna zaune a baranda."

"Wane ne?" in ji Koci.

"Dattijo Purifoy."

Na saki baki. Dattijo Alton Purifoy na cocinmu, wanda matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce. Ashe tumatirin da nake gani a kicin duk Laraba ba daga kasuwa yake zuwa ba.

Na buɗe baki zan fara tsiya, sai na ga fuskar Koci. Ƙunshin kazar yana neman suɓucewa daga hannunsa.

"Purifoy," ya ce. "Mahaifin Cedric Purifoy?"

"Shi. Yaron kirki, duk Lahadi yake zuwa duba ubansa."

"Mama Ozella, Cedric Purifoy ne mai horar da masu tsaron Harlan Ridge."

Murmushin Lavelle ya ɗauke.

"Uban ya gaya masa?" in ji Koci. "Ranki ya daɗe, ki tuna da kyau, ya gaya masa?"

Kaka ta ɗaga kai ta dubi agogon bango.

"Sai ka tambaye su da kanka. Na ce su biyo shan shayi ƙarfe huɗu."

A waje, muka ji an rufe ƙofar mota. Sau biyu.